Fada Antoine Poidebard (1878–1955): Mai Bishara da Ya Bi Sawun Romawa Daga Sama

Kamar yadda muka saba, a wannan fitowa ma mun keɓe 'yan shafuffuka domin tarihin wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya, don ɗalibai su karanta su ƙaru. Bana mun zaɓi wani mutumin Faransa mai suna Fada Antoine Poidebard. Ya yi aikin mishan a cikin Armeniyawa, amma abin da ya fitar da sunansa a duniya wani aiki ne da ba a saba jin mai bishara ya yi ba. Yakan shiga ƙaramin jirgin sama ya yi ta shawagi a bisa hamadar Siriya, yana ɗaukar hotunan kufan birane da sansanonin soja da hanyoyin da Romawa suka bari. Yawancinsu ƙasa ta riga ta rufe, har mutum yakan taka su da ƙafa ya wuce bai sani ba.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓe shi. Ya gano abubuwa masu yawa, ya kuma yi kuskure wajen fassara ma'anar wasu daga cikinsu. Masana sun gyara kuskuren, duk da haka har yau suna komawa ga aikinsa. Muna so ɗalibanmu su ga yadda aikin mutum yake iya rayuwa bayan ra'ayinsa ya faɗi.

Haihuwarsa da Kiransa

An haifi Antoine Poidebard a birnin Liyon na ƙasar Faransa a shekara ta 1878. A 1897, yana ɗan shekara 18 zuwa 19, ya shiga ƙungiyar Jesuit ta Ikilisiyar Katolika. Wannan ƙungiya ta yi suna wajen kafa makarantu da zurfafa ilimi, kuma takan ɗauki shekaru masu yawa tana horar da mutanenta kafin a naɗa su.

A 1904 aka aike shi aikin mishan a cikin Armeniyawa, a ƙasar da yau muke kira Turkiyya, wadda a lokacin take ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Armeniyawa tsofaffin Kirista ne, domin tun farkon ƙarni na 4 masarautarsu ta karɓi bangaskiya. A can ya koyi Turkanci da Armeniyanci. Ya kuma saba da doguwar tafiya a ƙasa mai duwatsu, da lura da hanya, da tambayar mutanen gari inda ruwa yake. Daga baya ya koma Turai ya ƙarasa karatun tauhidi, aka naɗa shi Fada kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Yaƙi da 'Yan Gudun Hijira

Da yaƙi ya tashi a 1914, ya yi hidima a matsayin Fada mai kula da sojojin Faransa. Saboda harsunan da yake ji, a 1917 aka sa shi cikin tawagar soja da aka tura yankin Kaukasus, inda ƙasar Armeniya take. Tafiyar ta bi da shi ta ƙasar Farisa, wato Iran ta yau. Bai yi tafiyar da ido rufe ba. Ya riƙa rubuta abin da ya gani game da hanyoyi da mashigai, har a 1923 ya buga littafi a kan hanyoyin Farisa.

A cikin waɗannan shekaru ne babban bala'i ya auka wa mutanen da ya yi wa hidima. Daga 1915 aka yi wa Armeniyawan Daular Usmaniyya kisan kiyashi. Dubban ɗaruruwa suka hallaka, masana da yawa ma suna cewa sun haura miliyan ɗaya. An kora mata da yara da tsofaffi a ƙafa zuwa hamadar Siriya, wajen Deir ez-Zor a bakin Kogin Yufiretis, inda yunwa da ƙishirwa da takobi suka gama da yawancinsu. Waɗanda suka tsira suka watsu, da yawa suka taru a sansanonin gudun hijira a Halab da Beirut.

A 1924 Fada Poidebard ya sauka a Beirut, a Jami'ar Yusufu Mai Tsarki wadda 'yan Jesuit suka kafa a 1875. Aikin da ya kai shi shi ne taimakon waɗannan 'yan gudun hijira, domin yana jin harshensu, ya kuma san ƙasar da aka raba su da ita. Mu riƙe wannan a zuciya. Hamadar da zai yi suna a kanta, ita ce wadda ta cinye 'yan'uwan mutanen da yake yi wa hidima.

Abin da Ya Hango a 1925

Bayan yaƙi, Faransa ce ta riƙe Siriya da Lebanon. A 1925 Ƙungiyar Nazarin Labarin Ƙasa ta Faransa ta ba shi aikin duba albarkatun arewa maso gabashin Siriya, yankin da ake kira Jazira, tsakanin Kogin Yufiretis da Kogin Taigiris. Ana so a san inda ruwa yake da inda za a iya noma. Ƙasar tana da faɗi, hanyoyin mota kuwa kaɗan ne, saboda haka sojojin sama na Faransa suka riƙa ɗaukarsa a jirginsu.

Ruwa da ƙasar noma ya je nema. Amma da ya leƙa ƙasa, sai ya ga wasu layuka miƙaƙƙu sun ratsa daji, ga wasu siffofi masu kusurwa huɗu kamar an zana su da ma'auni, ga kuma tuddai jere a bakin Kogin Habor, kogin nan da aka ambata a littafin Sarakuna na Biyu. Da aka sauka aka je wuraren, sau da yawa ba a ganin komai sai fili da tsakuwa. Hausawa suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. A nan kam tsawon wurin da aka hau ne ya kawo bambanci, domin jirgi ya fi kowane rimi tsawo.

A lokacin yana da shekara 46 zuwa 47. Bai yi karatun tonon kayan tarihi ba. Duk da haka ya ɗauki abin da muhimmanci, ya koma ɗalibi, ya shiga karanta tarihin Romawa, yana gwada dabarun ɗaukar hoto tare da matuƙa da masu hoton soja. Gaskiyar masu magana, gemu ba ya hana ilimi.

Dole mu faɗi wani abu kuma. Jiragen da ya shiga na masu mulkin mallaka ne. A shekarar nan ta 1925 mutanen Siriya suka yi wa Faransa tawaye, sojojin Faransa kuwa suka yi wa birnin Dimashƙu ruwan wuta a watan Oktoba. Taswirorin da ya taimaka aka zana sun amfani masu bincike, sun kuma amfani hafsoshin da suke tsaron ƙasar da ba tasu ba. Za mu ga yadda wannan zama da sojoji ya shafi tunaninsa.

Yadda Ake Ganin Abin da Ƙasa Ta Rufe

Ɗalibi zai tambaya, ta yaya za a ga bangon da ya rushe tun shekaru 1,500, ƙasa kuma ta binne shi? Fada Poidebard ya dogara ga abubuwa uku, kowannensu kuwa muna iya gwada shi a nan gida.

Na farko, inuwa. Bango in ya rushe, yakan bar ɗan tudu wanda wani lokaci bai kai taƙi ɗaya ba. Da rana tsaka, haske yana saukowa daga bisa kai, ba ya barin inuwa, sai ƙasa ta zama bai ɗaya. Amma da sassafe, ko da la'asar sakaliya, rana tana kwance a gefe, sai ɗan ƙaramin tudu ya yi doguwar inuwa. Saboda haka yakan tashi a waɗannan lokatai, wani lokaci ma ya sa a fuskanci rana sosai don layukan su fito. Duk mai son ya tabbatar, ya ɗauki tocila da dare ya kwantar da ita a kan daɓen ɗakin da aka share. Zai ga ƙwayoyin yashi da ƙananan ramuka da bai taɓa lura da su ba.

Na biyu, ciyawa. Damunar Siriya tana zuwa a lokacin sanyi, daidai lokacin da mu muke cikin hunturu. Idan ruwan farko ya sauka, ciyawa takan tsiro ta yi kore shar a kan tsohon gwalalo ko tsohuwar hanyar ruwa da ƙasa mai laushi ta cike, domin wurin yana riƙe laima. A kan tushen bango kuwa, inda dutse yake kusa, sai ta fito tsilli-tsilli ta bushe da wuri. Manomanmu sun san haka. Wanda ya taɓa noma a kufai ya san dawa takan yi kyau a inda tsohon juji yake, ta kuma ƙanƙance a inda aka taɓa yin daɓe. Manomi yana ganin shuka ɗaya bayan ɗaya. Mai jirgi yana ganin gonar duka a lokaci guda, sai bambancin ya zama zane.

Na uku, launin ƙasa. Tubalin da ya narke, da toka, da farar ƙasar shafe, duk sukan canza launin wurin da suke, musamman bayan ruwa.

Aikin ba mai sauƙi ba ne. Jiragen lokacin, irin su Breguet 14 da Potez 25, masu ɗaukar mutum biyu ne, kansu a buɗe, iska da sanyi suna dukan fuska. Wuri guda ma akan koma masa a wata sa'a ko wani wata dabam, domin abin da ya ɓuya a yau yana iya bayyana gobe.

Ya kuma san cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bayan ya ga wuri daga sama, yakan bi ta ƙasa ya je ya auna bango, ya duba tsingaro, wani lokaci a ɗan haƙa. A irin wannan tafiya sai da taimakon Larabawa makiyaya, waɗanda suka san kowace rijiya da sunan kowane tudu tun kafin wani jirgi ya tashi.

Yadda Ake Gane Hannun Romawa

Ganin kufai daban, sanin wanda ya gina shi daban. Siriya tsohuwar ƙasa ce, al'ummai da yawa sun zauna a cikinta. Romawa sun mai da ita lardinsu a shekara ta 64 kafin haihuwar Almasihu, shi ya sa Luka ya ambaci mai mulkin Suriya a labarin haihuwar Ubangijinmu. Mulkinsu, haɗe da na magadansu na Kustantiniya, ya kai har yaƙin Yarmuk a 636, lokacin da Larabawa Musulmi suka ci ƙasar. Wannan kusan shekaru 700 ke nan.

Garuruwan da suka girmi Romawa galibi sun zama tuddai, waɗanda mutanen can suke kira tel. Gidan ƙasa ya rushe, a gina wani a kansa, haka har dubban shekaru, sai gari ya zama tudu mai kama da kifaffiyar ƙwarya. Romawa kuwa mutane ne masu son igiya da ma'auni. Sansaninsu yakan kasance mai kusurwa huɗu, da hasumiya a kusurwoyi, da yawa kuma ba su wuce mita 50 zuwa 100 a kowane gefe ba. Birninsu yakan sami babban titi miƙaƙƙe mai ginshiƙai dama da hagu, da wasu tituna masu ratsa shi, da dandalin wasa mai siffar rabin da'ira. Hanyarsu takan miƙe, an kuma kafa mata duwatsun mil masu rubutu. Mil ɗaya na Romawa ya kusa kilomita ɗaya da rabi.

Misali mai kyau shi ne birnin Palmira, wanda Larabawa suke kira Tadmur, sunan da muke samu a Tarihi na Biyu sura 8. Birnin fatake ne a tsakiyar hamada, wanda ya yi arziki da ayarin da ke zirga-zirga tsakanin gabas da yamma. Titinsa mai ginshiƙai ya haura kilomita ɗaya. Sarauniyarsa Zanobiya ta yi wa Roma tawaye, Sarki Aureliyan ya ci ta a 272. Wani misali shi ne Rusafa, birni mai ganuwa ta kusurwa huɗu da manyan tankunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Bisa ga tarihin Ikilisiya, a can aka kashe Sarjiyus, hafsan sojan Roma, a farkon ƙarni na 4 saboda ya ƙi yin sujada ga gumaka. Kabarinsa ya zama wurin ziyara har aka sa wa birnin sunansa.

Waɗannan birane biyu sanannu ne tun kafin Fada Poidebard. Abin da hotunansa suka ƙara shi ne tsarinsu gaba ɗaya, da kuma abin da yake tsakaninsu, wato hanya, da rijiyoyi, da madatsun ruwa, da ƙananan sansanoni a jere kamar zangon fatake.

Littafin 1934

Bayan shawagin da ya yi daga 1925 zuwa 1932, ya buga babban littafinsa a 1934, mai suna La Trace de Rome dans le désert de Syrie, wato Sawun Roma a Hamadar Siriya. A ciki ya nuna sansanoni 116 a kan tsawon da ya haura kilomita 1,000. Ya bi wata babbar hanyar soja daga wajen Dimashƙu, ta Palmira da Rusafa, zuwa bakin Yufiretis. Rubutun duwatsun mil ya nuna an sa mata sunan Sarki Diyokletiyan, wanda ya yi mulki daga 284 zuwa 305, shi ne kuma ya tayar da tsanani mafi girma a kan Kirista a 303.

Fassarar da ya yi wa abin da ya gani ita ce, waɗannan sansanoni garkuwa ce. A gabas akwai daular Farisa, babbar abokiyar gabar Roma, wadda har ta taɓa kama Sarki Baleriyan da rai a 260. Akwai kuma mahara daga cikin hamada. A ganinsa, Romawa sun jera sansanonin daga kudu zuwa arewa maso gabas domin su zama kamar ganuwa mai tare abokan gaba.

Littafin ya sami karɓuwa ƙwarai. A 1938 da 1939 Aurel Stein ya ɗauki irin wannan hanya a Iraƙi da Urdun da jiragen sojan Ingila. A 1949 Jean Baradez ya buga irin wannan bincike a kan iyakar Romawa a Aljeriya. Shi kansa Fada Poidebard, tare da ɗan'uwansa a ƙungiya Fada René Mouterde, ya fitar da wani littafi a 1945 a kan yankin da ke kudu da gabashin Halab.

Taya da Sidon

Daga hamada ya juya zuwa teku. Ya lura cewa idan ruwa ya kwanta, ana iya hango ƙasan teku daga jirgi. Tsakanin 1934 da 1936 ya binciki tashar jiragen ruwa ta Taya, birnin nan da Yesu ya je yankinsa a Markus sura 7, inda kuma Bulus ya kwana bakwai tare da almajirai a Ayyukan Manzanni sura 21. Yakan ga layin duwatsu daga sama, sa'an nan masu nutso su sauka su duba, a kuma yi ƙoƙarin ɗaukar hoto a cikin ruwa, abin da yake sabo a wancan zamani. Ya buga sakamakon a 1939. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya yi irin wannan aiki a Sidon tare da Jean Lauffray, aka buga shi a 1951. Saboda haka ana lissafa shi cikin waɗanda suka buɗe hanyar binciken tarihi a ƙarƙashin ruwa. Ya rasu a Beirut a 1955 yana da shekara 76.

Inda Ya Yi Kuskure

Da masu tonon ƙasa suka bi bayansa, sai aka tarar wasu gine-ginen da ya ɗauka na Romawa ne, na wasu zamanai ne dabam. Wasu an gina su a zamanin Banu Umayya, bayan Romawa sun tafi, domin maginan lokacin sun ci gaba da yin gini mai kusurwa huɗu da hasumiyoyi. Daga sama ana ganin siffa, amma siffa kaɗai ba ta faɗin shekara. A Taya ma, binciken baya ya nuna wurin da ya ɗauka tashar kudu ce, ya fi kama da wata unguwar birni da teku ya cinye.

Babban gyara ya zo a 2023. A zamanin Yaƙin Cacar Baka, Amurka ta harba taurarin ɗan adam na leƙen asiri masu ɗaukar hoton ƙasa. Shirin Corona ya yi aiki daga 1960 zuwa 1972, aka saki hotunansa ga jama'a a 1995. Shirin Hexagon ya yi aiki daga 1971 zuwa 1986. Wasu masana uku a ƙarƙashin jagorancin Jesse Casana na Kwalejin Dartmouth a Amurka suka duba waɗannan hotuna a kan faɗin ƙasa kimanin murabba'in kilomita 300,000. Suka sami wurare 396 masu siffar sansanin Romawa waɗanda ba a rubuta su a da ba.

Abin lura shi ne yadda suke a shimfiɗe. Ba su tsaya a layi ɗaya kamar ganuwa ba. Sun bazu daga gabas zuwa yamma, tun daga wajen Mosul a bakin Taigiris har zuwa wajen Halab. Wannan ya sa masanan suka ce mai yiwuwa aikin sansanonin shi ne tsare hanyar ayari, da ba matafiya da dabbobinsu ruwa da masauki, da isar da sojoji da saƙonni. Wato abin da ya ɗauka ƙofa ce a kulle, yana iya zama hanya ce a buɗe. Su ma sun yi kashedi cewa sai an haƙa kafin a tabbatar da shekarun kowane wuri.

Me ya sa mutum mai lura haka ya kuskure? Dalili na farko shi ne, ya fi yin shawagi a inda tun farko ya zaci iyakar Romawa take. Wanda ya nemi abu a kan layi ɗaya, a kan layi ɗaya zai same shi. Na biyu, a ganinmu, shi ne zamanin da ya rayu. Ya ga yaƙin ramuka da idonsa, yana zaune da hafsoshi masu tsaron iyaka, kuma a shekarun da yake rubuta littafin, ƙasarsa tana gina dogon layin kagarai na Maginot don tare Jamus. Mutumin da ke cikin irin wannan hali, idan ya ga sansanoni a jere, ganuwa ce za ta fara zuwa masa a rai.

Abin da Ya Rage

A cikin sansanoni 116 da ya rubuta, 38 kaɗai masanan 2023 suka iya tabbatarwa a hotunan taurarin ɗan adam. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, a 'yan shekarun da suka biyo bayan shawaginsa, garmar tarakta da faɗaɗar garuruwa sun shafe wurare da yawa. Madatsar ruwa ta Tabƙa, wadda aka gama a 1973, ta nutsar da wani dogon sashe na kwarin Yufiretis. Sa'an nan yaƙin da ya ɓarke a Siriya a 2011 ya kawo ɓarayin kayan tarihi da masu rushe-rushe, har a 2015 'yan ƙungiyar ISIS suka tarwatsa manyan haikalai biyu na Palmira.

Saboda haka, a wurare da yawa, hoton da wannan Fada ya ɗauka shi ne kaɗai shaidar da ta rage. An adana hotunansa a laburaren jami'arsa a Beirut. Masanin da bai yarda da fassararsa ba ma, dole ya buɗe littafinsa ya dubi hoton. Da a ce ra'ayinsa kawai ya rubuta, da ra'ayin ya faɗi da shi ke nan. Amma ya ajiye hoto, da awo, da taswira, da sunan wuri, yadda na baya zai iya dubawa da kansa ya ce a nan ya yi daidai, a nan kuma bai yi ba.

Darasi Gare Mu

Ɗalibai, ga abin da muke so ku ɗauka. A ɗakin gwaje-gwaje malamanku sukan sa ku raba shafi, ku rubuta abin da kuka gani a wuri ɗaya, abin da kuke tsammani yake nufi a wani wurin. Wasunku sukan ga kamar wahala ce kawai, wasu ma sukan gyara lambar da suka samu don ta dace da amsar da ke cikin littafi. Rayuwar Fada Poidebard ta nuna amfanin wannan rabuwa. Sashen tsammaninsa ya sha gyara. Sashen abin da ya gani yana nan yana amfani, shekaru 70 bayan rasuwarsa, domin ya rubuta shi da aminci.

Wannan bai tsaya a kan kimiyya kaɗai ba. A makaranta, da gida, da Ikilisiya, sau da yawa mukan ga abu kaɗan, mu ɗora masa abin da muka riga muka ƙudura a zuciya, sa'an nan mu ba da labari kamar duka mun gani. Da haka ake ɓata sunan mutum, da haka kuma maƙwabta suke zama abokan gaba. Doka ta hana mu shaidar zur, kuma mutum yana iya yin ta ba da niyya ba idan bai rarrabe ganinsa da zatonsa ba.

Ga malamai da iyaye kuma, mu tuna cewa wannan mutum ya fara aikin da aka san shi da shi yana gab da shekara 50, bayan ya yi hidimar mishan, da ta sojoji, da ta 'yan gudun hijira. Harsunan da ya koya, da tafiye-tafiyen da ya yi, da lurar da ya saba da ita, babu wanda ya tafi a banza.

A ƙarshe muna ba da shawara ga 'yan ƙungiyar tarihi da labarin ƙasa. Yau hoton tauraron ɗan adam yana cikin wayar hannu, abin da Fada Poidebard ya sa ransa cikin haɗari kafin ya samu. A lokacin hutu ku dubi garinku daga sama, ku nemi sawun tsohuwar ganuwa ko kufan da kakanni suka tashi daga ciki. Sa'an nan ku je da ƙafa, ku tambayi dattawa cikin ladabi, ku rubuta abin da kuka gani da ranar da kuka gan shi, kafin gini da garma su shafe shi. Ubangiji ya ba mu idon gani da zuciyar faɗin gaskiya. Amin.